Gani Ya Kori Ji: Tarke a Kan Ƙirar Takarda da Jirgin Ƙasa a Fim ɗin Going West

A shekarar 2009 ne Hukumar Littattafai ta ƙasar Niyu Zilan ta sa aka shirya mata wani ɗan gajeren fim, wanda tsawonsa bai wuce minti 2 da 'yan kai ba, domin jawo hankalin jama'a ga karatun littattafai. An kafa wannan hukuma a 1972, kuma a 2019 aka sauya mata suna zuwa Read NZ Te Pou Muramura. Kamfanin talla na Colenso BBDO ne ya karɓi aikin, shi kuma ya miƙa shi ga Martin Andersen da 'yar'uwarsa Line Andersen, mutanen Danmak masu ma'aikata a Landan. Abin da suka yi shi ne, suka ɗauki ƙagaggen labarin Maurice Gee mai suna Going West, suka yanyanka shafukansa da aska, suka tayar da layin dogo da itatuwa da gidaje da maƙabarta daga jikin takardar, a yayin da wata murya take karanta ɓangaren littafin da ya siffanta tafiya a jirgin ƙasa. Aikin ya ci kimanin wata 8.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin binciken da aiki kamar wannan yake bukata, a ga inda binciken ya yi wa fim ɗin rana da kuma inda ya gaza. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa manazarcin adabi da yankan takarda? Amsar ita ce, fim ɗin juya wani yanki na zube ne zuwa wata kafa dabam, kuma duk inda aka juya adabi, ko daga harshe zuwa harshe ko daga shafi zuwa majigi, akwai abin da za a riƙe, akwai wanda za a zubar. Tantance waɗannan biyu kuwa aikinmu ne.

Kafin mu yi nisa, ya kyautu a gabatar da littafin. An haifi Maurice Gee a 1931, ya girma a Henderson, wani gari da ke yamma da birnin Auckland, ya rasu a 2025. Littafin ya fito a 1992. Mai ba da labarin, Jack Skeat, tsohon ma'aikacin gidan adana takardun tarihi ne, yana bin diddigin rayuwar abokinsa na ƙuruciya, Rex Petley, mawaƙi, wanda ya nutse a teku. Garinsu, Loomis, shi ne Henderson da aka sauya wa suna. Sunan littafin kansa harshen damo gare shi, domin a Ingilishi tafiya yamma tana nufin nufar yammacin gari, tana kuma zama sakaya zance a kan mutuwa. Saboda haka tafiyar jirgin da ke cikin littafin tana ɗauke da nauyi fiye da na kai fasinja tasha. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda ake rayar da takarda

Fim ba ya motsi. Jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri, 24 a kowace sakan a silima, 25 a talabijin irin na Turai, har ido ya ɗauka motsi ne. Mai rayar da takarda yakan ajiye ƙirarsa gaban kyamara, ya ɗauki hoto ɗaya, ya matsar da ita da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba, ya sake ɗauka. Minti 2 yana cin hoto 3,000 ke nan, ko 1,500 in an bar kowane hoto ya tsaya sau biyu, kamar yadda akasari ake yi. To, duk abin da za a taɓa sau dubu da ɗoriya ƙarƙashin fitila mai zafi, wajibi ne a san halinsa. Nan ne bincike na farko, watau binciken takarda ita kanta.

Takardar da inji ya yi tana da jijiya, domin zarurrukanta sukan kwanta ta fuskar da injin ya ja su. In aka ninka ta bisa jijiya sai ta ninku sumul, in aka gitta sai ta tsage ko ta yi ƙwanƙwasa. Tana shan laima ta kumbura, tana jin zafi ta lanƙwashe, kuma lanƙwasar da ido ba zai lura da ita a ɗaki ba, a fim sai ta fito kamar ƙirar tana rawar sanyi, saboda hoton safe da na yamma sun saɓa. Ana auna kaurinta da nauyi: takardar ofis giram 80 ce a kowace murabba'in mita, kwalin ƙira kuwa yakan ninka haka sau biyu ko uku. Masu ƙirar takarda na Turai sun daɗe da sanin waɗannan abubuwa. Tun ƙarni na 19 kamfanin Schreiber na garin Esslingen a Jamus yake buga takardun da ake yankewa a haɗa, a Ingila kuma kamfanin Micromodels ya sayar da kawunan jiragen ƙasa a kwalaye masu girman katin waya a shekarun 1940 da 1950. Sai dai waɗannan duka an yi su ne don a haɗa a ajiye bisa kanta. Ba a yi su don su motsa ba.

Su Andersen sun ɗora wa kansu wahalar da ta fi wannan, da yake shafin littafi suka zaɓa, wanda ba shi da ƙarfin tsayuwa irin na kwali. Amma a ganina wannan zaɓi shi ne mafi dacewa a cikin aikin baki ɗaya. Na farko, talla ce ta littafi, kuma ga littafin nan a gaban mai kallo daga farko har ƙarshe. Na biyu, layukan rubutu ba su ɓace ba: suna nan a jikin bango da itace, haruffa rabi da rabi, suna tunatar da mutum cewa wannan gari da kalmomi aka gina shi. Na uku kuma, wanda ban tabbata yawancin masu kallo za su kula da shi ba, mai ba da labarin mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin takardu, yana ƙoƙarin tayar da matacce daga cikinsu. Ko da gangan aka yi ko dace ne, kayan aikin sun yi daidai da jigon littafin.

Abin da ake gani ta taga

Bincike na biyu shi ne na jirgin da hanyarsa, kuma a nan ne masu koyo suka fi ɓata. Mai koyo yakan ɗauka cewa in ya tara zane-zanen injiniyoyi da ma'aunai, ya ƙera kan jirgi da kowace ƙusa a mazauninta, to ya gama. Ma'auni yana da amfaninsa, ba a musu. Alal misali, faɗin dogon Niyu Zilan milimita 1,067 ne, daidai da na tsohon dogon Nijeriya wanda ya iso Kano a 1911. In an rage shi sau 87, kamar yadda masu ƙananan jiragen wasa suka fi yi, zai koma milimita 12 da ɗan ɗori, shi ya sa da yawa daga masu wannan sha'awa a can suka fi son ragi sau 64, wanda yake ba da kusan milimita 16 da rabi. Wanda bai san wannan ba zai ɗora tarago a kan dogo mai faɗin na Ingila, kuma ɗan ƙasa zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Amma akwai ilmin da ba ya cikin zanen injiniya. Ɗauki ƙafar jirgi mai sanduna 12. Tsakanin sanda da sanda digiri 30 ne. In mai ɗauka ya juya ƙafar digiri 30 cif tsakanin hoto da hoto, a fim za a ga ƙafa tsaye cik alhali jirgi yana gudu. In ya juya ta ƙasa da haka kaɗan, sai a ga tana juyawa da baya. Haka kuma injin tururi mai tukunyar turi biyu yakan yi huci sau 4 a kowane zagaye ɗaya na ƙafa, kuma kunnen wanda ya taɓa zama kusa da tasha zai gane in huci da ƙafa sun raba hanya. Bugu da ƙari, abin da ke gudu a zahiri yakan fito da ɗan dishi-dishi a hoto, shi kuwa abin da aka ɗauka yana tsaye yakan fito tangaran, sai gudunsa ya zama tsalle-tsalle. Masu fim ɗin The Wrong Trousers na 1993, a wurin tseren ɗan jirgin wasa, sun magance wannan ta hanyar motsa abubuwa a daidai lokacin da idon kyamara yake buɗe.

Fim ɗin Going West ya kauce wa yawancin waɗannan tarkuna ta wata dabara mai sauƙi: ya mai da hankali ga hanya da abin da ake wucewa, ya sa mai kallo a mazaunin fasinja. Wannan kuwa shi ne abin da fasinja ya sani game da jirgi. Wanda ke cikin tarago ba ya ganin kan jirgi sai a kwana. Abin da yake gani shi ne na kusa yana ficewa kamar walƙiya, na tsakiya yana tafiya a hankali, na nesa kamar yana biye da shi. Masu rayar da hoto sun daɗe suna kwaikwayon wannan da hawa-hawan gilashi. Lotte Reiniger ta yi amfani da irinsa a fim ɗinta na Yarima Ahmad a 1926, wanda ta yanka daga baƙin kwali, ta kuma ɗauko labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya. A littafi buɗaɗɗe kuwa, shafuka su ne hawa-hawan, fitila da inuwa su ne suke ba da nisa. Fari a kan fari ba ya nuna komai sai da inuwa, don haka aikin mai haske a wannan fim bai gaza na mai aska ba.

Wurin da binciken hanya ya fi fitowa fili shi ne maƙabarta. Layin da ya taso daga Henderson zuwa Auckland yana bi ta gefen maƙabartar Waikumete a Glen Eden, wadda aka buɗe a 1886, ita ce kuma mafi girma a ƙasar. An zaɓi wurin ne saboda kusancinsa da dogo, har a da jirgi ne yake kawo gawawwaki da masu rakiya daga birni. Ɗalibi ko ma'aikacin da yake bin wannan layi, kullum safe da yamma sai ya wuce ta gaban kaburbura. Da gicciye-gicciyen takarda suka miƙe daga shafi a fim ɗin, sai ma'ana ta biyu ta sunan littafin ta bayyana ba tare da an ce uffan ba. A nan wuri na gaskiya da jigon marubuci da kayan aikin mai ƙira suka haɗu, kuma wannan 'yar sakan ita ce ƙololuwar fim ɗin.

Inda ido ya danne kunne

Na nuna wannan fim ga ɗalibaina na babban digiri a darasin adabi da kafofin zamani. Da ya ƙare, sai na tambaye su abin da muryar ta ce. Kowa ya iya lissafa abin da ya gani, har da wanda ya ƙirga hawa-hawan shafi, amma babu wanda ya iya maido da jimla ɗaya. Na yarda cewa Ingilishin ba irin wanda kunnensu ya saba da shi ba ne, ga sunayen wurare baƙi. Sai dai da na sa suka juya baya suka saurara kawai, sun kama fiye da rabi. Ashe matsalar ba ta lafazi ba ce kaɗai.

Dalilin a fili yake. A kowace sakan akwai sabon abin mamaki yana tsirowa daga shafi, kuma tambayar da ke cika zuciyar mai kallo ita ce: yaya aka yi wannan? Tambaya ce a kan gwanintar hannu, ba ta da alaƙa da Jack Skeat ko abokinsa. Zuben Gee a wannan wuri yana da kari irin na ƙafar jirgi a kan gaɓoɓin dogo, tasha bayan tasha, kuma mai karantawa ya bi wannan kari da sauri. Amma a ƙarƙashin nauyin hoto, sai kalmomin suka koma amo, suka shiga sahun ƙarar jirgi. Hausawa sukan ce gani ya kori ji, suna nufin shaidar ido ta fi ta kunne ƙarfi. A nan karin maganar ta tabbata ta fuskar da ba a so: fim da aka yi don a ɗaukaka kalma ya rinjayi kalmar.

Akwai kuma saɓani a cikin saƙon kansa. Abin da tallar take faɗi shi ne, littafi yana rayuwa. To amma a ina yake rayuwa? A zuciyar mai karatu, wanda yake gina nasa Loomis daga baƙaƙen haruffa, kuma Loomis ɗin wani ba ya zama na wani. Fim ɗin ya ɗauke wa mai kallo wannan aiki, ya gina masa gari guda, kyakkyawa ƙwarai, ta hanyar yanke kalmomin da za su ba shi damar gina nasa. Ba ina kukan an lalata littafi ba ne, kofe nawa ne aka buga? Abin da nake nufi shi ne, mai kallo zai iya fita da sha'awar aska da gam, ba lalle da sha'awar karatu ba.

Don a ga cewa takarda ba ita ta jawo wannan ba, bari mu kwatanta da wani aiki da ya riga shi da shekara 50. A 1959 Oliver Postgate da Peter Firmin suka fara shirin yara na talabijin mai suna Ivor the Engine, labarin wani ɗan kan jirgi a arewacin Wales. An fara shi baƙi da fari, aka sake yin sa da launi domin BBC daga 1975. Firmin ne yake zanawa da fenti a kwali ya yanka, Postgate ya rubuta labari, ya motsa kwalayen ƙarƙashin kyamara, kuma yawancin aikinsu a wani tsohon garken shanu suka yi shi, a ƙauyen Blean kusa da Canterbury. In aka auna da ma'aunin injiniya, jirgin nan ba zai ci jarrabawa ba. Tururinsa auduga ce, hucinsa da baki Postgate yake yi, usur ɗinsa kuwa wani abin busa ne mai kaurin murya.

Amma binciken da ke ƙarƙashinsa na wani iri ne. Postgate ya samo tunanin ne daga wani mutumin Wales da ya taɓa aikin zuba kwal a jirgi, wanda ya siffanta masa yadda inji mai sanyi yake farfaɗowa da asuba in an hura masa wuta, kamar mai rai yana tashi daga barci. Watau bincike ne na baka, irin wanda muke aika ɗalibanmu su yi wurin tsofaffi. Abin da ya fito daga ciki shi ne dangantaka tsakanin direba da injinsa: hura wuta, duba ruwa, dafa shayi kafin a kama hanya. Ba a ma yi wa jirgin fuska ba, amma yara sun san lokacin da yake murna da lokacin da ransa ya ɓaci. Da yake hoton ba shi da yawan ado, kuma motsinsa kaɗan ne, sai ya bar wa murya fili, kunne ya yi aikinsa. Hannun su Andersen ya fi na Firmin ƙwarewa a yanka nesa ba kusa ba, sai dai a aikin Firmin ana jin abin da ake faɗi.

Za a iya cewa kwatancen bai yi adalci ba, tun da ɗaya talla ce ta minti 2, ɗaya kuwa jerin labarai ne na shekaru. Gaskiya ne, kuma ba na zargin masu talla da rashin ba da labarin Rex Petley dukkansa. Amma ko a cikin minti 2 akwai zaɓi. Da an sassauta a wuri ɗaya, a ce a maƙabartar, aka bar hoto ya tsaya na sakan 5 ba tare da wani sabon abu ya tsiro ba, da jimla ɗaya ta Gee ta sami shiga kunne. An binciki takarda, an binciki hanya, amma ban ga alamar an binciki zuben da irin wannan natsuwa ba, watau a gano inda marubucin ya ja numfashi, da jimlar da sauran suke jingine da ita.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗalibi ba: takarda, reza, fitila, da kyamarar wayar hannu da aka ɗaure don kada ta motsa. Ɗaya daga cikin ɗaliban nan nawa ta riga ta kawo shawarar yin irin wannan da Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wadda ta shafi aikin shimfiɗa dogo a farkon mulkin Turawa. Na ce mata ta je ta auna tsohon dogo a Zariya, ta dubi hotunan tasha na da, ta kuma gwada takardarta a lokacin hunturu da na damina, don laimar Agusta ba za ta bar ƙira ta tsaya yadda ta tsaya a Janairu ba. Amma na ce kafin ta taɓa reza, ta haddace waƙar, ta nemi wanda zai rera mata ita, ta ƙirga sakan nawa kowane baiti yake ci, sa'an nan ta yanke shawarar baitocin da za a bar allo kusan fayau a kansu. Ta ce ai in an yi haka masu kallo za su ce ba ta iya yanka ba. Har yanzu ba mu daidaita a kan wannan ba.